Sunana a Bakin Yaya

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk Bahaushen da ya ji haka ya san sauran zancen. Matar da ta haife ni ba ta kiran sunana. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta zama inda na zauna, in aka yabe ni a gabanta sai ta tashi ta tafi duba tukunyar da ba ta ko tafasa ba. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma a Zariya ba mai ganin laifinta, yabonta ma ake yi. Tun da aka yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma. Ita kuwa mahaifiyar tawa Yaya nake ce mata, don kuwa haka na buɗi ido na ji ƙannen Baba suna kiranta. A can abin bai taɓa damuna ba. Gida cike yake da jama'a, masu kiran sunana ba sa ƙarewa, wasu ma da zagi suke haɗawa.

Landan ce ta ɓata komai. A shekarun da kuɗin fetur ya malalo ƙasa, gwamnati ta tura Baba kwas, ya tafi da Yaya. Kwas ya ƙare aka bar shi a can yana aiki a wani ofis mai kula da ɗalibai, suka haifi ƙannena biyu. Da kakata ta rasu sai aka rasa inda za a ajiye ni, aka sa ni a jirgi. Ina da shekara goma sha huɗu na sauka a wani flat mai ɗaki biyu a Tottenham, saman shagon mai gyaran takalma, inda warin kananzir na hitar ɗumama ɗaki yake bin tufafin mutum har makaranta.

A cikin gidan nan ba mai kiran sunana. Sunan mahaifin Baba aka sa mini, don haka shi Babana yake ce mini, in ma ya dawo daga ofis da sauran ƙarfin magana. Ƙannena sun markaɗe sunan da Turancinsu. Malaman makaranta kuwa kowa da irin tasa ɓarnar, har na daina gyara musu. Ita Yaya dabara ta samu. Ina zaune kusa da ita, in ta miƙa hannu za ta taɓa ni, amma sai ta dubi ƙanwata da ko magana ba ta gama iyawa ba ta ce, "Ce masa ya zo ya ci abinci." Yarinyar ta dube ni tana tsotsar yatsa. Ni kuma in tashi in je in ci, raina a ɓace.

Abu ɗaya ne ya tilasta mata yi da ni. Ba ta jin Turanci. Asibitin yara, ofishin council, wato hukumar unguwa, kanti, duk ni ne bakinta da kunnenta. Ranar Asabar mukan hau bas zuwa kasuwa, kujera ɗaya, don ba ta yarda ta zauna kusa da baƙon namiji. A hanyar dawowa takan tsaya ta sayi soyayyen dankali a takarda, ta miƙo mini ta gefe tana kallon wani wuri daban, kamar wadda ta tsinci abu tana neman mai shi. Ina son Asabar ɗin nan, ko da yake a lokacin ko dukana za a yi ba zan amsa haka ba.

Sai ga ranar da makaranta ta gayyaci iyaye. Baba yana ofis, Yaya ta zo da keken jariri, ni ina turawa. Malamar ajinmu ta tare mu da murmushi ta tambaya, ke ce mahaifiyarsa? Ni na fassara tambayar da bakina. Yaya ta sunkuyar da kai ta ce, "Ɗan kakarsa ne, mu riƙo muke yi." Na juya na ce wa malama, e, ita ce. Ashe akwai kunne a bayana. Wani yaro ɗan zangon Gana da ke ajinmu yana jin Hausa, irin tasu da ba ta raba mace da namiji, amma ta ishe shi ya ɗauki maganar tsaf. Kafin a tashi washegari duk aji ya san matar ta ce ba ita ta haife ni ba. Sauran suka ƙarasa da kansu: ai shi ya sa nake tura keke, shi ya sa nake ɗaukar kayan cefane, bawa ne aka taho da shi daga Afirka. Na fasa wa ɗan Ganan leɓe, aka dakatar da ni kwana biyu, sunan bawa kuma ya zauna daram.

A gida na yi abin da yaro mai tarbiyya ba ya yi. Na tsaya a bakin kicin na ce, "Yaya, me ya sa kika ce ba ke kika haife ni ba?" Ta ci gaba da yanka albasa. Can ta dubi ƙanwata a ƙasa ta ce, "Wasu yaran dai Turai ta fara lalata su." Shi ke nan amsar da na samu.

Na san al'ada ce, kada wani ya tashi yi mini karatu. Na san matan gidanmu kaf haka suka yi wa nasu. Amma su nasu suna da kaka a raye, suna da gwaggo da kawu a tsakar gida. Ni an ɗebo ni an kawo ni ƙasar da ba kowa, an bar ni da al'adar ba tare da mutanen da ke sa ta yi sauƙi ba. Tun ranar na ƙudurta a raina sai na sa matar nan ta kira sunana da bakinta, a gaban jama'a, ko da ƙasa za ta tsage. Na riƙe ƙudurin nan fiye da shekara ina jiran hanya.

Baba ne ya kawo hanyar, bai sani ba. Lokacin kowa yawo yake yi. Wani abokin aikinsa ya kai matarsa Sifen ya dawo da hotuna yana nunawa a ofis, Baba kuwa ba ya son a wuce shi a komai. Ya shiga wani shagon tafiye-tafiye a babban titin unguwarmu ya yi booking na mutum biyu zuwa Girka, rangadin kufai na mutanen da, da jagora da mota da masauki. Ya dawo yana ta bayanin cewa nan ne tushen ilimin Turawa. Ana saura 'yan kwanaki sai ga tawagar manya daga Legas, aka ce ba inda zai motsa. Yaya ta yi hamdala a fili ta ce dama ita ba ta ga abin kallo a rusasshen gida ba, kuma mace ba ta tafiya sai da muharrami. Baba ya nuna ni da cokalin shayi ya ce, "Ga muharraminki nan." In ta ce ban isa ba, ta yi musu da shari'a. In ta yarda, ta amsa cewa ɗanta ne ni. Ta tashi ta shiga kicin, ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni.

Aka bar ƙannena wajen maƙwabciyarmu, wata nas 'yar Jos. Muka tashi cikin ayarin tsofaffin Turawa, yawancinsu miji da mata da suka yi ritaya, da hulunan rana da kyamara a wuya. Mu kaɗai ne baƙaƙe. Jagorarmu wata gajeriyar Bagirkiya ce mai dasasshiyar murya, tana riƙe da jar lema a rufe, in ta ɗaga ta kowa ya bi.

Ranar farko aka hau da mu wani dutse a tsakiyar birnin, inda ginshiƙai suke tsaye ba rufi. Turawa suna ta numfashi da ƙyar don mamaki. Yaya ta dubi wurin sama da ƙasa ta ce wa iska, "A garinmu in gida ya rushe gyarawa ake yi." Ba ta taka ko'ina sai ta yi bisimilla, don ta tabbata kango irin wannan ba ya rasa masu shi. A gidan ajiye kayan tarihi kuwa, da muka shiga ɗakin gumakan maza tsirara, ta ja mayafi ta rufe fuska ta bi bango har muka fita. Ina fassara mata abin da jagora ke faɗa, wane sarki ya gina, wane yaƙi ya rusa, tana saurare da gefen kunne. Wani lokaci in tsaya a tsakiyar labari da gangan ko za ta ce in ci gaba. Ba ta taɓa cewa ba.

Na gwada ƙananan dabaru. Nakan laɓe bayan ginshiƙi in bar ayari ya yi nisa, ina leƙenta. Sai ta tsaya, ta waiga, ta tafa hannu. In ban fito ba ta ce, "Kai." In na daɗe ta ƙara, "Kai yaro." Ya zama dole in fito, don jar lema ta kusa ɓacewa. A masauki ɗaki ɗaya aka ba mu mai gado biyu, ta ɗaura zanenta daga ƙofar kabad zuwa ƙarfen taga ta raba mu.

Akwai wata tsohuwa a ayarin, mijinta ya mutu, ita kaɗai take yawonta da jakar alawa. Ta ɗauki son Yaya, kullum tana yaba mata atamfa. Wata safiya a wajen karin kumallo ta dafa hannun Yaya ta ce in tambaye ta, ni kaɗai ne ɗanta namiji? Na fassara. Na zuba wa Yaya ido. A raina na ce, ga dama ta biyu nan, nan ba ɗan Gana, ba Bahaushe ko ɗaya, ba wanda zai kai labari Zariya. Ko kai ta gyaɗa na haƙura da komai, Allah ya sani. Ta juya kofin shayinta ta ce, "Ɗan kakarsa ne." Wannan karon ban rufa mata asiri ba, na faɗa wa tsohuwar yadda aka ce. Fuskarta ta narke da tausayi, ta zuge jaka ta cika mini tafi da alawa, irin yadda ake yi wa maraya. Na fita waje na watsa wa tattabaru.

A ranar ne aka ɗauke mu doguwar tafiya a mota zuwa wani tsohon filin wasan kwaikwayo a cikin tsaunuka. Muna hanya jagora ta ɗauki lasifika tana bayani. Ta ce filin an sassaƙa shi ne a jikin tsauni, kujerun dutse hawa-hawa, kuma magina sun yi masa wata hikima: akwai wani zagayayyen dutse a tsakiya, duk wanda ya tsaya a kansa ko raɗa ya yi, wanda ke layin ƙarshe can sama zai ji kamar a kunnensa aka faɗa. Ta ce za ta gwada mana, kuma za ta so wani ya fito ya taya ta. Nan take na ga hanyar da nake jira ta samu. Yaya ta ce wa taga, "Me ake cewa?" Na ce, "Wai wurin wasa za a kai mu." Na tsaya a nan.

Da aka tsaya shan ruwa a hanya na sami jagora ita kaɗai. Na sa fuskar yaron kirki na ce mata mahaifiyata tana so ta zama mai gwajin, tana so ta kira ni da sunana daga tsakiya ina can sama, amma tana da kunya ƙwarai, sai an ja hannunta. Matar ta dafa ƙirji ta ce wannan abu ya yi kyau. Ta tambayi sunan, na faɗa mata, ta maimaita ta ɓata shi kamar kowa.

Rana ta take muka isa. Gyare na ta kuka a itatuwa, ƙamshin ganye mai kama da turare ya cika wurin. Filin ya fi yadda na zata girma, kamar an kafa ƙatuwar ƙwarya a jikin tsauni. Jagora ta ce kowa ya hau ya zauna inda ya ga dama, Turawa suka fara hawa suna dafa gwiwa. Yaya ta dubi matakalar ta ce ba da ita ba, ta sami inuwa a ƙasa ta tsaya. Dama haka nake so. Wanda ke ƙasa ba ya sanin abin da na sama ke ji.

Kafin in hau na je gabanta na rusuna, ladabi har da na sayarwa. Na ce, "Yaya, matar nan za ta kira ki tsakiya. So take ki kira sunana da ƙarfi in ji daga sama. Ta riga ta sanar da kowa, in kika ƙi kin kunyata ta a gaban baƙinta." A karon farko a rayuwata ta dube ni ido cikin ido. Na ga ta gane ni ne na haɗa. Ban bari ta sami bakin magana ba, na juya na kama hawa, ban tsaya ba sai layin ƙarshe. Tsohuwar mai alawa tana 'yan layuka a ƙasa da ni tana fifita da hula.

Jagora ta hau zagayayyen dutsen ta ɗaga lema, aka yi tsit. Ta saki kwabo, na ji ƙararsa tar. Ta yaga takarda, na ji. Ta ƙyasta ashana, wallahi har tashin wutar na ji. Kowane gwaji Turawa su tafa. Ina hango Yaya a inuwa tana kallon mace tana yaga takarda manya suna tafa mata, na san a ranta cewa take mutanen nan ba lafiya ba. Sai jagora ta nufe ta da fara'a ta kama hannunta. Yaya ta turje, matar ta ja, Turawa suka ƙara tafi don su ba ta ƙwarin gwiwa. Yaya mace ce da ba ta iya yi wa baƙo gardama a bainar jama'a, kuma da wannan na yi lissafi. Aka tsayar da ita a kan dutsen, jagora ta nuna ni da lema, ta ja da baya.

Daga inda nake 'yar mitsitsiya ce, shuɗin mayafi kawai. Ta sunkuyar da kai. Wurin ya yi shiru, sai gyare. Sai na ji numfashinta. Na rantse da Allah na ji shi, yana fita da sauri. Sannan muryarta ta zo, ƙasa-ƙasa, irin wadda mutum ke yi da kansa in ya tabbata ba mai ji.

"Innalillahi. Yaron nan ya kashe ni."

Na riƙe bakin kujerar dutsen da hannu biyu.

"Yaya zan yi da raina. Ya Allah."

Sai ta fara gwada sunan a ɓoye, yadda ake ɗanɗana miya kafin a zuba wa mutane. Ta faɗi rabinsa ta tsaya. Ta haɗiye yawu, shi ma na ji. Sannan ta faɗe shi duka. Ba irin na makaranta ba, ba irin na fasfo ba. Yadda kakata take faɗa ta faɗe shi, da jan nan na ƙarshe da ba wanda ya iya sai mutanen gidanmu. Ashe ta iya. Ashe duk shekarun nan yana nan a bakinta, hana ni kawai take yi. Ta maimaita shi, wannan karon a hankali. Sannan ta ƙara da kalma ɗaya.

"Ja'iri."

Daga nan ta ɗaga kai, ta yanke shawarar da na san za ta yanke, ta buɗe murya ta ce, "Kai, sauko." A ganinta ta tsira.

Amma Turawa sun riga sun fashe da tafi. Sun ji raɗar, sun zaci ita ce gwajin. Tsohuwar mai alawa ta juyo gare ni tana dariya ta faɗi sunana, daidai, har da jan ƙarshen, don daga bakin mai shi ta ɗauka. Wani tsoho mai sanda shi ma ya faɗa, matarsa ta gyara masa. Sunan ya bi layukan dutse yana gangarawa har ya isa ƙasa. Na ga Yaya ta daskare. Ta dubi jama'a, ta dubi dutsen da take kai, ta dubi sama inda nake.

Na miƙe tsaye. Amsar nan na daɗe ina ajiye da ita, ban kuma yi niyyar rage mata komai ba. Na cika ƙirji na ce, "Na'am!" Tsaunin ya dawo mini da ita.

In ce muku na ji tausayinta a lokacin, na yi ƙarya. Daɗi na ji, irin na wanda ya daɗe da ƙaya a ƙafa aka cire. Na sauko a hankali, ina taka kowace matakala da izza, ina tuna ɗan Gana da leɓensa, da malamar aji, da albasar da aka ci gaba da yankawa ana yi mini magana ta bakin jaririya. Kafin in iso ƙasa Yaya ta rufe fuska da mayafi ta nufi mota. Jagora ta rungume ni ta ce uwata tana da murya mai daɗi.

A mota ba yadda za ta yi, dole kujera ɗaya. Mun yi nisa sosai kafin ta yi magana, kuma da taga ta yi.

"Garin nan har duwatsunsu 'yan gulma ne."

Na gyara zama, ita kuma ta ci gaba.

"An san haka wurin yake?"

Na ce, "An sani."

"Aka ƙi faɗa."

"Aka ƙi."

Ta gyaɗa kai. Har muka gama rangadin ba ta sake tambayar me ake cewa ba. Tsohuwar mai alawa kuwa ta kama sunan nan ta riƙe, a wajen cin abinci, a bakin mota, a filin jirgi, kuma duk sanda ta kira ni sai na amsa da ƙarfi ina satar kallon Yaya.

Na dawo Landan da shirin shan duka. Na ma zaɓi wandon da zan sa mai kauri. Baba ya tare mu yana zumuɗi, ya tambaye ta yaya ta ga tushen ilimi. Ta ce, "Kufai ne." Ba ta ƙara ko kalma ba, ranar ko bayanta. Na ɗauka na ci bulus.

Ban san da wa nake yi ba. Ni ma ai a wajenta na gaji riƙon abu a rai. Bayan 'yan kwanaki na ji tana gaya wa Baba cewa nas 'yar Jos ta ce council na koyar da matan baƙi Turanci da yamma, tana so ta shiga. Baba ya kusa yin rawa, a zatonsa Girka ce ta wayar masa da mata. Ta shiga. Matar da a da ko lambar bas ba ta yarda ta karanta, ta zauna da littattafan ƙannena tana haɗa baƙi tana gumi. In ta maƙale ta ƙwanƙwasa wa nas ƙofa, ko ta jira Baba. Ina zaune a gabanta da Turancina cike da baki, ba ta taɓa tambayata ko kalma ɗaya ba. Kafin sanyi ya shigo ta kai ƙanena asibiti ita kaɗai, ta hau tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, ta dawo.

Wata Asabar na sa kwat na tsaya a bakin ƙofa da jakar cefane kamar kullum. Ta fito ta gyara mayafi, ta karɓi jakar daga hannuna ba tare da ta dube ni ba. Ta sunkuya wajen ƙanwata ta ce, "Ce wa tafinta ya huta." Ta sauka. Na tsaya a taga ina kallonta har ta hau bas. Ba mu sake zama kujera ɗaya ba, soyayyen dankali ma daga ranar ya ƙare. Sunan tafinta kuwa ya bi ni. Da shi take ambatona a gaban kowa har na yi furfura, mutane suna zaton yabo ne, ni da ita kaɗai muka san ko mene ne.

Mutane sukan so labari irin wannan ya ƙare da nadama. Ba ni da ita. Abin nawa ne, da shi aka yanka mini rago, ita ce ta fi kowa haƙƙin faɗarsa, ta hana ni, na ƙwata. Ta rama, kuma ramuwarta ta yi mini ciwo fiye da yadda na nuna. Amma da za a mai da ni motar nan yau, da na sake tashi na je wajen mai jar lema.

Ta koma ta tsufa a Zariya, a ɗakin da kakata ta raine ni. Da ciwonta na ƙarshe ya tsananta ƙanwata ta kira ni a waya ta ce in zo, kuma in na zo in nemi gafara kamar yadda kowa ya nema. Na zo na durƙusa a bakin gadon na ce, "Yaya, ki yafe mini duk abin da na yi miki." Idonta a kan rufi ta ce, "An yafe." Can kuma ta ce, "Har da na dutse?"

Ƙanwata ba ta san zancen ba, ta dube ni. Na ce, "Ban da na dutse. Wannan ban nemi yafiyarsa ba."

Kafaɗarta ta girgiza, ban sani ba ko dariya ce ko tari. Ta juya fuskarta wajen bango kamar yadda ta saba yi in ina wuri. Na ga gefen leɓenta yana motsi, gajeriyar magana, da ɗan ja a ƙarshe. Na matsa da sauri na kai kunne, amma ta riga ta rufe baki. Ɗakin na ƙasa ne, ginin mutanenmu, ba ya kai raɗa ko'ina.